Kafin Umma ta ɗaure akwati na huɗu

'Yata, saƙonki ya iso, barka da samun gurbin karatu, Allah Ya sa albarka. Kin ce Umma ta cika miki akwati uku tana neman na huɗu, har da bargo, tukwane da kaskon turare. Kina kuma tambaya, in dogon hutu ya zo, ko za ki iya kulle ɗakinki ki bar kayan har ki dawo.

Batun kullewa dai cire shi a ranki. Ɗakin hostal a Amurka aro ne. Ana buɗewa wajen tsakiya ko ƙarshen Agusta, a rufe a Mayu, kuma a jami'o'i da yawa awa 24 ake ba ɗalibi bayan jarrabawarsa ta ƙarshe ya fice, ko tsinke kada ya bari. 'Yan ƙasa iyayensu ke zuwa da mota, a loda, a kama hanya. Ke kuwa iyayenki na Kano. Duk abin da kika shigar ɗakin nan a Agusta, ke za ki sauko da shi a Mayu, ga gajiyar jarrabawa, ga layi a bakin lif.

Saboda haka ki lallaɓa Umma. Tikitin jirgi galibi jaka biyu yake ba ki, kowace kilo 23, abin da ya ƙaru kuɗi ne. Bargo da zanin gado a nan za ki saya, don katifar hostal ta fi ta gida tsawo, inci 80 ce, ana ce mata Twin XL. Dutsen guga da injin markaɗe ma a bar su, wutar nan 120 ce, tamu 230, ko kin jona ba za su yi abin kirki ba. Kasko kuwa, ki ba ta haƙuri. A silin akwai na'urar da ke jin hayaƙi, turaren wuta kaɗan ya isa ta tayar da bene guda cikin dare, a bi ki da tara. Humra da turaren fesawa sun wadatar. Kilishi da dambun nama 'yan kwastan za su karɓe, nama ba ya shiga. Kuka, kuɓewa busasshiya da yaji ki zo da su, amma ki faɗa musu kina ɗauke da abinci, kada ki ɓoye. Ki cika sauran wurin da atamfofinki, mayafai da sallaya, su ne ba za ki samu a kanti ba.

Ranar shiga, kafin ki buɗe jaka, ki ɗauki hoton bango, katifa da tebur, duk wani tabo. Da shi za ki kare kanki in an zo lissafin ɓarna ranar fita.

Shekarata ta farko na yi wautar da nake gudar miki. Mayu ta riske ni ban shirya komai ba, wata baiwar Allah ta ce in kawo kayana ɗakin ƙarƙashin gidansu. Na jera kwalaye shida a ƙasa, na yi ta godiya, na tafi. Da na dawo a Agusta na ɗaga na farko, sai gindinsa ya zube. Laima ta shige su, shaddar da mahaifiyata ta ɗinka mini ta yi funfuna baƙi-ƙirin, ɓera kuma ya huda ledar garin kunu ya yi biki. Ba laifin matar ba ne, alheri ta yi. Ni ce ban san ƙasa tana tsatsafa a lokacin zafinsu ba.

Yanzu ga yadda ake yi. Tun Maris ki leƙa ofishin ɗaliban ƙasashen waje, wasu makarantu suna da sito da suke ware wa irinku, amma na farkon zuwa ke samu. In babu, akwai ɗakunan ajiya na haya, wata-wata ake biya. Mafi ƙanƙanta ƙafa biyar ne tsawo, biyar faɗi, kuma ya ishe ku ku uku in kun haɗa kuɗi. Ki nemi mai sanyaya iska, ki zo da kwaɗonki, ki zuba kaya a robobi masu murfi maimakon kwali, abinci kuma ko ƙwaya kada ya shiga. Firiji ki kashe shi kwana guda kafin nan, ya tsane. Akwai kuma kamfanonin da ke zuwa har hostal su kwashe, su dawo miki da kayan a Agusta, sun fi sauƙi, sun fi tsada. Abin da ba a wasa da shi shi ne biya, in bashi ya taru doka ta ba su damar yin gwanjon kayanki. Fasfo, takardar I-20 (wadda makaranta ke ba ɗalibin ƙasar waje don neman biza) da shaidar karatu kuwa a jikinki suke kwana, ba sa zuwa sito.

Zuwa gida hutu ma kada ki ɗauka tabbas ne. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, mai wata uku, wato in kin fita sai kin sake neman wata kafin ki dawo. Da yawa sukan zauna, su kama ɗakin hutu a makaranta, su yi aiki a cikinta, tunda bizar ɗalibi ta yarda da awa 20 a mako lokacin karatu, cikakken aiki lokacin hutu. Ko hakan ma sauya ɗaki ake yi, sai kin kwashe.

Rigar sanyi kada ki saya a Kwari, ba ta wannan sanyin ba ce. In kin iso za mu je tare. Ki gaida Umma, ki ce ta rage tukwanen ta ƙara kukar, tawa ta kusa ƙarewa.