Tambayoyinku kan fasaha: Idan manhajar karanta allo ta yi shiru

Tambaya: Malam, ni makaho ne, da NVDA nake aiki, manhajar da ke karanta mini abin da ke allon kwamfuta da murya. Ina cikin rubutu ta yi tsit. Wani ɗan uwana ya ce sai an goge kwamfutar an sake zuba Windows. In yarda?

Amsa: Kada ka yarda, Malam. Wannan shawara ta "a goge a sake zubawa" tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin mai bayar da ita bai san abin da zai ɓata ba. Saurin muryar da kunnenka ya saba da shi, da gyaran furucin kalmomi da ka yi ɗaya bayan ɗaya, da yadda ka jera fayilolinka har kana isa gare su ba tare da lalube ba, duk za su tafi saboda matsalar da yatsa biyu ke warwarewa.

Fara gano ko muryar ce ta ɗauke ko sautin kwamfutar gaba ɗaya. Danna Ctrl da Windows da Enter tare, wannan zai tayar da Narrator, mai karanta allon da ke zuwa cikin Windows. In ya yi magana, lasifikarka lafiya lau, laifin na NVDA ne. Sake danna su ka kashe shi, domin manhajoji biyu a lokaci guda rigima suke yi a kan madannai.

Yanzu danna maɓallin NVDA, wato maɓallin da aka ware don ba ta umarni (Insert ko Caps Lock), tare da S. Shi ke juya yanayin magana: akwai magana sosai, akwai shiru, akwai 'yar ƙara kawai, kuma sababbin fitowa sun ƙara na huɗu wanda ba ya magana sai ka nema. Ci gaba da dannawa har ta dawo. Ina kyautata zaton nan ka faɗa, musamman in Caps Lock ne maɓallin NVDA ɗinka. Ka miƙa ƙaramin yatsa neman Shift don rubuta babban S, ya sauka layi ɗaya sama, shi ke nan ka rufe mata baki da hannunka kana zargin Windows. In ba ta dawo ba, Ctrl da Alt da N zai sake tayar da ita.

In kuwa Narrator ma shiru ya yi, to sauti ne. Duba maɓallin kashe sauti a layin sama na madannai, sannan ka tuna abin kunnen Bluetooth ɗinka. Sau da yawa yana can cikin jaka a kunne, kwamfutar ta haɗu da shi, NVDA na ta yi wa jaka bayani. Kashe shi, ko ka soka abin kunne mai waya. Shi ya sa nake matsa wa kowa ya ajiye mai waya kusa da hannu, tare da kwafin NVDA na tafi-da-gidanka a kan filashi. Ana haɗa shi daga sashen Tools na NVDA cikin 'yan mintoci, kuma ka haɗa shi tun yau da komai ke aiki.

Tambaya: Na sabunta NVDA, tun ranar take sanƙarewa, wasu ƙananan manhajojin da na liƙa mata kuma sun daina aiki.

Amsa: Guda nawa kika liƙa, Malama? Fitowar farko ta kowace shekara takan sauya tushen da waɗannan ƙananan manhajoji suka dogara a kai, sai masu su sun sabunta su. Danna NVDA da Q, ki zaɓi sake tashi ba tare da su ba. In ta warware, ki dawo da su ɗaya-ɗaya har mai laifin ya bayyana. Wadda ba ki taɓa ba wata uku, cire ta.

Tambaya: A shafin intanet ina danna H don tsallakawa kanun rubutu, ba ta motsi. Wani lokaci kuma in zan cike fom, haruffan ba sa shiga.

Amsa: Yanayi biyu ne, na karatu da na shigar da rubutu. NVDA da Space ke juya su. A JAWS, wata manhajar karanta allo, Insert da Z ke kunna alamar karatu ko kashe ta. In shafin ya sauya amma tsohon take karanta maka, NVDA da F5.

Tambaya: An turo mini PDF na darasi, manhajar ta ce babu komai a ciki.

Amsa: Ba rubutu aka turo miki ba, hoton takarda ne. Buɗe shi ya cika allo ki danna NVDA da R, Windows 10 da 11 za su yi ƙoƙarin gano haruffan. Abin da ke bayyane a allo kawai yake ɗauka, kuma yakan yi tuntuɓe da ɓ da ɗ da ƙ. Ki nemi ainihin fayil ɗin Word daga wanda ya turo. Haƙƙinki ne, kuma minti ɗaya ba zai ci masa ba.

Tambaya: JAWS ɗina na mutuwa bayan minti 40.

Amsa: Na gwaji ne, haka aka tsara shi. Ko ka sayi lasisi, ko ka riƙa sake kunna kwamfuta, ko ka koma NVDA wadda kyauta ce tun da aka fara ta a 2006.

Tambaya: Ƙanena ya ari wayata ya kashe TalkBack, mai karanta allon Android.

Amsa: Danne maɓallan ƙara sauti da ragewa tare na daƙiƙa 3, in an riga an saita wannan gajeriyar hanya. In ba a saita ba, ce wa Google Assistant ya kunna shi, sannan ka shiga saiti ka saita ta nan take. Masu iPhone su saita danna maɓallin gefe sau uku don VoiceOver, mai karanta allonsu. Shi kuma ƙanen naka, koya masa ya mayar kafin ya miƙo maka wayar.