Kalma ɗaya, ma'ana da yawa: haka Faransanci yake

Ɗan'uwa ka ce kana ta haddar kalmomin Faransanci a waya amma da ka ji mutum yana magana sai kanka ya kulle, to wlh ba kai kaɗai bane, matsalar itace kana haddace kalma ita kaɗai ba cikin jimla ba.

Duba voler, in tsuntsu ne ko jirgi to tashi sama ake nufi, amma in kaji an ce on a volé mon téléphone to an sace wayar mutum kenan. Avocat lauya ne a kotu, a kasuwa kuma fiya ce. Wacce tafi rikita mutane itace pièce, ɗaki ne in ana maganar haya, sulalla ce a hannun mai shago, kayan gyara ne wajen bakanike, kuma in ka shiga Nijar ta Maraɗi ko Ƙonni jandarma ya tsaida mota ya ce pièce d'identité to katin shaidarka yake so ka miƙo, kar ka tsaya lalube aljihu.

Sannan don Allah kar ka raina le da la, ƙananan kalmomin nan da ake sawa kafin sunan abu, su ma suna juya ma'ana. Le livre littafi, la livre kuɗin Ingila. Le tour zagaye, la tour doguwar hasumiya irin ta Eiffel.

Ni dai shawarata duk sabuwar kalma ka rubuta ta da le ko la ɗinta da gajeriyar jimla, ka dinga sauraron RFI, suna da labarai cikin sauƙaƙƙen Faransanci don masu koyo.