Wanke tankin babur da ya daɗe a ajiye

Malam, Jincheng ɗin da ka ce ta shekara 2 a zaure a Daura, kada ka tayar da ita tukuna. Man ya mutu. Sansana ka ji, warin fenti yake.

Rufe makullin mai, zare tiyo, sauke tankin ka juye a galan. Zuba kananzir lita 1 da 'yan notoci a tankin, girgiza sosai su kankare dattin, zubar, ka maimaita har ya fito garau. Ƙirga notocin fa, ni ɗaya ya taɓa maƙale mini. Ɗauraye da sabon fetur, ka shanya nesa da murhu.

Kafireto ma a kwance a wanke, can gam ɗin da tsohon man ya bari ke toshe jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi.