Na shaƙi hayaƙi a bakin aiki, shin wajibi ne in kai rahoto?

Tambaya: Ni ma'aikacin kashe gobara ne. Makonni biyu da suka wuce mun yi aiki a wata kasuwa inda shagunan katifa da kayan roba suka kama da wuta, kuma na daɗe cikin hayaƙi ba tare da na'urar numfashi ba. Tun daga ranar nake fama da tari da ciwon kai. Waɗanda suka girme ni a aiki sun ce in sha madara kawai zai wuce, kuma wanda ya kai rahoton irin wannan kallon rago ake yi masa. Mene ne shawararku?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Kafin komai ka je asibiti yau, ka gaya wa likita irin kayan da suka ƙone da tsawon lokacin da ka yi a cikin hayaƙin. Madara ciki take zuwa, ba ta isa huhu, saboda haka ba ta wanke komai. Hayaƙin gobara yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ita ce take halaka iyali idan aka kwana da janareta a cikin gida, kuma soson katifa idan ya ƙone yana iya fitar da gubar sayanaid. Tarin da ya kai makonni biyu ba abin da za a zuba wa ido ba ne.

Batun rahoto kuwa, lokaci yana gab da ƙure maka. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta shekarar 2010, wadda NSITF, hukumar asusun inshorar ma'aikata ta Najeriya, take aiwatarwa, ta ce ma'aikaci ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14 da samun rauni ko ciwo, wurin aikin kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, sannan a nemi diyya cikin shekara ɗaya. Sojoji ne dokar ta keɓe, ba 'yan kwana-kwana ba. Saboda haka ka rubuta wa shugaban tasharku takarda yau, ka sa rana da lokaci da wurin da abin ya faru, da kayan kariyar da kake sanye da su da waɗanda ba a ba ka ba, da abokan aikin da suka gan ka. Ka tabbata an shigar da maganar a littafin tasha, ka riƙe kwafin da aka sa wa hannu tare da takardun asibiti, domin maganar da aka yi a tsaye a gefen mota ba ta zama shaida.

Abin da ya fi damuna shi ne, wanda ya karye ko ya ƙone kowa yana gani, amma wanda ya shaƙi hayaƙi yakan wanke baƙin da ke hancinsa, ya koma gida kamar babu abin da ya same shi. A shekarar 2022 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya aikin kashe gobara cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji, musamman ta mafitsara da ta fatar da ke lulluɓe da huhu. Irin wannan ciwo yakan bayyana ne bayan shekaru masu yawa, wani lokaci bayan mutum ya yi ritaya, kuma a ranar babu abin da zai haɗa ciwon da aikin sai abin da aka rubuta tun farko.

Manyanka ba mugunta suke nufi ba, haka su ma aka koya musu, amma a nan sun yi kuskure. Rahotonka ne zai nuna wa na sama cewa an shiga wuta babu isassun na'urorin numfashi, kuma shugaban tasha da shi zai kafa hujja idan ya je neman a sayo. Idan ya ƙi karɓar takardar, ka kai ta hedikwatar hukumarku, ka kuma je ofishin NSITF mafi kusa da kai ɗauke da kwafinka.