Amsa: Shin dokar tattalin wuta ta shafi mai gina gida a Sakkwato?

Malam, ka tambaya ko akwai dokar da ta ce a gina gida yadda ba zai sha wuta da yawa ba, ko kuwa maganar 'yan boko ce kawai. Akwai ta. A 2017 Ma'aikatar Wuta, Ayyuka da Gidaje ta tarayya ta ƙaddamar da ita, da taimakon hukumar GIZ ta Jamus. Sai dai jiha ce za ta karɓe ta ta sa a cikin sharuɗɗan amincewa da zanen gini, don haka ka tambayi ofishin tsara birni kafin ka zuba tubali.

Ni dai ko babu mai tilasta maka, ka bi ta. Ta ce tagogi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na bango, in sun wuce a yi musu rumfa. Ta kuma ce a sa abin tare zafi a ƙarƙashin kwano. Wannan na biyun shi ne babba a garinmu. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, kwano ya gasu tun hantsi, silin ya riƙe zafin har bayan isha'i, fanka tana juya iska mai ƙuna kawai. Kakanninmu da suka yi soro da azara da katanga mai kauri sun san wannan.

Ka rage tagogin yamma, ka ɗaga silin, ka dasa dogonyaro ta gefen faɗuwar rana. In za ka sa AC, dokar ta ce mai inbata, wato irin mai rage shan wuta.