Kafin ka rataya wa tarakta hannun haƙa

Yarona, saƙonka ya iso. Ka ce mai gonar da kake yi wa aiki a Pitowa, nan kusa da Garwa a Kamaru, ya sayo hannun haƙa, wato na'urar nan mai dogon hannu da bokitin tonon ƙasa, na gwanjo daga Duwala, yana so a ɗaura shi a bayan taraktarsa Massey Ferguson 375, a haƙa harsashin katanga da ramin shadda da lambatun da zai kai ruwa lambu. Tambayarka kuwa ita ce: tunda abin kunnuwa uku na ratayawa gare shi kamar garma, biyu a ƙasa ɗaya a sama, me zai hana a rataya shi yadda ake rataya garma, a soka tiyo biyu a jikin tarakta, a hau aiki? Ka kuma ce mutumin yana gaggawa.

Gaggawarsa tasa ce. Kai dai kada ka rataya shi haka.

Ka tuna abin da na sha nuna maka a gareji ranar da muke raba tarakta gida biyu don canza kuloci. Ba ta da shasi irin na babbar mota. Inji ne, da gidan kuloci, da akwatin giya, da gidan ƙafafun baya, an ɗaure su da noti ɗaya bayan ɗaya, su ne ƙashin bayanta. Kuma ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, tsagewa yake yi. An yi shi ne don ja, inda nauyi ke zuwa ta fuska ɗaya, a hankali. Hannun haƙa kuwa fizga yake yi: ya danna ƙasa, ya jawo, ya ɗaga, ya murɗa gefe da bokiti cike, kuma duk wannan a ƙarshen ƙarfe mai tsawon mita uku ko fiye. In sandar sama ta garma, wadda ke kama kunnen sama, ce kaɗai ke riƙe da shi, duk fizgar nan a wuri ɗaya take taruwa, wato inda sandar ta kama bayan tarakta. An taɓa jawo mana wata nan Garwa, wurin nan ya ɓalle da guntun murfin gaba ɗaya, mai walda ya duba ya girgiza kai.

Wannan asarar kuɗi ce kawai. Akwai wadda ta fi ta. Hannayen ƙasa biyun nan da ke ɗaga garma, mai yana tura su sama ne kaɗai. Ba abin da ke danne su ƙasa sai nauyin abin da aka rataya musu. Kai ma da hannunka kana iya ɗaga su in ba kaya. To, ka zauna a kujerar hannun haƙa, ka danna bokiti a ƙasa mai tauri. Ƙasar ta ƙi shiga, ƙarfin ya je ina? Ya dawo ya ɗaga na'urar gaba ɗaya, ta naɗo wajen tarakta, kai kuma kana zaune tsakaninta da ƙarfen rumfa. Ƙari a kan haka, Massey tana jin nauyin garma ta sandar saman nan. Tun zamanin Harry Ferguson dabarar ke nan: in garma ta ci tura, sandar ta matsu, sai tarakta ta ɗan ɗaga garmar da kanta. A gona alheri ne. Da hannun haƙa kuwa tarakta ba ta san bambanci ba, in ta ji matsi za ta ɗaga, ko da mutum a kai. Mutane sun mutu a haka.

Don haka abin da za ka fara nema a cikin kayan da aka kawo shi ne ƙarfen ɗauri. Masu ƙera irin wannan na'ura suna haɗa ta da ƙarfe mai kauri wanda ke maye gurbin sandar sama, yana da reshe da ke sauka ya kama ƙasa wajen ƙarfen jan tirela, ya zama kusurwa uku da ba ta motsi. Kayan gwanjo sau da yawa ba ya zuwa da shi, an bar shi can jikin taraktar da aka cire abin. In babu, sai a ƙera. Ni kuma in ka bi tawa, tunda za a ƙera, a yi mai gaba ɗaya: ƙaramin shasi na ƙarfe biyu masu kauri, ya kama gidan ƙafafun baya hagu da dama, ya bi ta ƙarƙashin ciki ya je ya kama gaba wajen gidan kuloci. Da haka fizgar take rarrabuwa a jikin tarakta duka. Mai gonar zai ce tsada. Ka tambaye shi nawa ne gidan giya na 375, da kwana nawa zai jira a kawo shi daga Yola ko Kano. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka auna ƙusoshin kunnuwa, kada ka yi ƙiyasi da ido. Akwai ƙaramin aji, ƙusar ƙasa milimita 22, ta sama 19. Akwai na biyu, ta ƙasa 28, ta sama 25. Taraktar taku aji na biyu ce. In na'urar ta ƙaramin aji ce, a sa mata bushi ya cike ramin. Siririyar ƙusa a faffaɗan rami tana buga ƙarfe duk lokacin da bokiti ya motsa, kafin wata biyu ramin ya zama ƙwai. Kuma kada in ji an soka rodi ko tsohon noti a madadin ƙusa.

Sai maganar mai. Tiyo biyun da kake son sokawa a jikin tarakta, eh, hannun zai motsa, amma za ka tsufa kafin ka cika bokiti. Famfon cikin irin wannan Massey bai kai lita 20 a minti ba, shi kuwa hannun haƙa mai matsakaicin girma ya fi son talatin ko sama. Kuma man nan shi ne dai man akwatin giya da na ƙafafun baya. Duk dattin da ke cikin tsofaffin silindojin Duwala can zai ƙare. Sannan kafin famfon ya ba ka mai a waje sai ka ajiye liba a wurin tura mai ba tsayawa, ka juya bawul ɗin da ke raba shi da hannayen ɗagawa. Wani ya zo ya taɓa bawul ɗin nan bisa kuskure, hannaye su tashi da dukan ƙarfinsu. Ni ban son wannan tsari ko kaɗan. Ka duba ko na'urar tana da tankinta da famfonta. In tana da su, shi ke nan: famfon ana zura shi a sandar juyi ta baya, mai haƙora shida, wadda ke yin zagaye 540 a minti, a ɗaure shi da sarƙa ko ƙarfe don kada shi kansa ya juya ya naɗe tiyo. Libobin ɗaga garma kuma a ajiye su inda ba za su ɗaga komai ba, a ɗaure da waya. Zubar da man da ya zo a tankin, wanke matata, zuba sabo. A zafinmu na Maris da Afrilu, da rana ke wuce digiri 40, mai lamba 68 ya fi 46 riƙe kauri. In tanki ya yi zafin da ba ka iya ajiye tafin hannu a kai, kashe ka sha ruwa, shi ma ya huce.

Tsofaffin tiyo su ne abin da na fi zargi a kayan gwanjo. Matsin mai a cikinsu yana kai 170 zuwa 200 a ma'aunin matsi na bar. In kana neman inda yake yoyo, da guntun kwali za ka nema. Ramin da bai fi bakin allura ba yana harba mai ya huda fata ya shige nama, a waje ka ga ɗan ɗigo kamar cizon sauro, a ciki kuwa yatsa yana mutuwa. In ya faru da wani, asibiti a take, a gaya wa likita man inji ne ya shiga, ba a jira gobe.

Na'urar nan rabin tan ce ko fiye, kuma a can baya take rataye. Gaban tarakta zai yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana. A sa ƙarafan nauyi a gaba har kashi ɗaya cikin biyar na nauyin duka ya zauna a kan tayoyin gaba. A hanya kuma a naɗe hannun, a sa ƙusar da ke kulle shi da wadda ke hana shi lilo, a tafi a hankali, musamman wajen hawa daga cikin mayo, wato kwarin rafi.

Yanzu haƙan kansa. Ka isa wuri, giya a firi, birkin hannu, dutse a bayan taya. Sauke ƙafafun tokare biyu har su karɓi nauyi daga tayoyin baya, su daidaita na'urar ta tsaya sak. Ba sai tayoyi sun yi sama suna reto ba, wannan burgar masu babbar katafila ce, su shasinsu ya yarda. A ƙasa mai laushi sa katako mai kauri a ƙarƙashin kowace ƙafa. Totur kuma matsakaici. Mai koyo da inji yana ihu sai ɓarna.

Kuskuren kowane sabon hannu shi ne ya danna babban hannu, wato gaɓar da ke kama jikin na'urar, ƙasa da ƙarfi yana so bokiti ya nutse. Ba da shi ake haƙa ba. Babban hannu yana saita zurfi ne kawai. Ƙaramin hannu, wanda bokiti ke bakinsa, shi ne ke jawowa, bokiti yana naɗewa, haƙoransa a kwance kaɗan suna yankan ƙasa sama-sama, kamar kamu ɗaya a kowane ja. In ka ji bawul yana kuka, ƙarfin ya ƙare ke nan, mai kawai kake dafawa. Sassauta, ɗan ɗaga, sake ja. Kada ka rushe bangon rami ko ka share tulin ƙasa da gefen bokiti ta hanyar lilo, nan ne ƙusoshi ke lanƙwashewa kuma nan ne bayan tarakta ke murɗewa. Kada ka jawo tarakta da bokiti don ƙyuyar sauka. Sauka, ɗaga ƙafafu, matsa gaba, sake saukewa. Lambatu da baya-baya ake haƙa shi, tarakta tana gaba ramin yana bin ta, a ja igiya ko a zuba toka a kan layi tun farko. In wurin gangare ne, ƙasar da ka ɗebo ka zubar ta gefen tudu, don bokiti cike in ya leƙa gefen gangare yana iya kifar da kai.

Ban san wace ƙasa ce a filin mutumin ba, kuma ita ce za ta yanke yadda aikin zai kasance. In karal ce, baƙar lakar nan da ake dasa muskuwari, dawar rani, to lokaci ya fi ƙarfin inji muhimmanci. Da damina tana manne wa bokiti, ka juye ta ƙi faɗuwa, tayoyi kuma su nutse. Da bazara ta dare ta bushe, haƙora sai su yi ta zamewa a kanta. Daga Nuwamba zuwa Disamba, da sauran danshi a ciki, ita ce ƙasa mafi daɗin yanka. In dole sai da rani, a tsaga layin sama-sama da yamma a cika shi da ruwa ya kwana, a sa siririn bokiti na santimita 30. Ka kuma gaya wa magini karal ce, don tana kumbura da ruwa ta tsuke da rani, harsashin da bai yi zurfi ba sai ta tsaga katangar. Wannan sana'arsa ce, amma kai ka ga cikin ramin kafin shi. In kuwa wajen bakin Binuwai ne, rairayi ne, haƙa ba wuya, tsayuwar bango ce wuya. Kana iya tarar da dutsen yashin nan na yankin Garwa a ƙasa. Ka ji haƙori ya yi ƙara a kan dutse, tsaya. Na'urar gona ba ta fasa dutse, kanta za ta fasa.

Ramin shaddar ne ya fi damuna. Hannun irin wannan zai kai mita biyu ko biyu da rabi, daga nan mai gida zai ce wani yaro ya shiga da shebur ya gyara kusurwa. Ƙasa mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ta kai tan ɗaya da rabi. In bango ya zubo wa mutum har ƙirji, numfashi ba ya shiga, ko da kansa yana waje. Ramin da ya wuce mita ɗaya da ɗan kai, ba mai shiga sai an kwantar da bangonsa ko an tokare shi da katako, kuma ba mai shiga ramin alhali inji yana aiki. Tulin ƙasa ya yi nesa da baki aƙalla santimita 60, mita ɗaya ya fi. Ka tambayi inda rijiyarsu take, a bar mita 30 tsakaninta da shadda, kusa da kogi ruwan ƙasa ba shi da nisa. Yara kuma za su taru, ka sani. Ka sa babba ɗaya aikinsa kawai korar su daga inda hannun ke kaiwa.

Kafin haƙori ya taɓa ƙasa, a tambayi mai unguwa da maƙwabta inda bututun ruwa da wayar wuta suka bi. Inda aka bi ƙa'ida ana shimfiɗa ragar roba a saman su, ja ta wuta, shuɗiya ta ruwa, koriya ta wayar sadarwa, amma a gidajen mutane wa ya damu da raga? Inda ake zato, diga da shebur. Ka ɗaga kai ma ka duba wayoyin sama.

Giris kowace safiya a kowane kan nono, wato bakin da ake ɗura giris, har tsohon ya fito. Bakin tiyo a goge shi kafin a haɗa, ƙurar hunturu ba ta da kirki ga famfo. Notocin shasi a sake ɗaure su bayan aikin yinin farko, sabon ɗauri kullum yana saki.

Ranar cire na'urar daga jikin tarakta, a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe: ƙafafu a ƙasa, bokiti a ƙasa, a kashe inji, a motsa kowace liba gaba da baya har matsin mai ya fita, sannan a zare ƙusoshi. A sa kututture a ƙarƙashin jikinta, don silinda tana saki cikin dare, ka wayi gari abin ya kwanta da gefe. Famfon kuma a zare shi daga sandar juyi a rataye a jikin na'urar, a mayar wa sandar murfinta kafin tarakta ta koma gona.