Garin da Japanawa ke barbaɗawa a kan shinkafa, zai iya riƙe mutum kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗalibi ne, wata huɗu kenan da zuwana Japan karatu, kuma gaskiya ba ni da lokacin girki, in na fita da safe sai dare. Na lura abokan karatuna suna zuwa da farar shinkafa a ɗan kwano sai su yaga wata ƴar leda su barbaɗa wani gari a kai su cinye, shikenan an gama. Wani kuma na ga har ruwan shayi ya zuba a kan tasa. Don Allah menene wannan, ya halatta in ci, kuma zai riƙe ni in na mayar da shi abincina na kullum?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya ba da sa'ar karatu. Wannan garin da ka gani sunansa furikake, kalmar daga barbaɗawa ta fito a yarensu, kuma da wuya ka shiga gida a Japan musamman mai yara ka rasa shi a kicin. Wanda ya zuba shayi kuma ochazuke yake ci. Zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya amma bari in fara ba ka amsar da ta fi damuna, furikake abokin shinkafa ne, ba ya maye gurbin miya da nama da ganye, zai taimake ka sosai a ranakun da ka dawo a gajiye amma in ka ce shi da farar shinkafa kaɗai za ka rayu a kai safe da dare toh jikinka zai gaya maka kafin shekara ta zagayo.

Ka ga dalilin da yasa abun ya samu gindin zama a wajensu shi ne yadda suke dafa shinkafa. Tasu gajeren ƙwaya ce mai danƙo, irin su Koshihikari, kuma da ruwa zalla ake dafa ta, ba gishiri ba mai ba albasa, dan haka komai ɗanƙanƙantar abun da aka ɗora mata sai ɗanɗanonsa ya fito, danƙon da tururin kuma su ke kama garin ya manne a jikin ƙwayar. Mu da muka saba da garau-garau da mai da yaji ba sai an yi mana dogon bayani ba, dabarar kusan ɗaya ce, sai dai su ba sa sa mai.

Asalinsa ma ba dan daɗin baki aka yi shi ba. A zamanin da suke kira Taisho, wato 1912 zuwa 1926, wani mai haɗa magunguna a Kumamoto mai suna Yoshimaru Suekichi ya damu da ƙarancin sinadarin kalsiyam a abincin mutane, sai ya daka ƙananan busassun kifi har da ƙashinsu ya haɗa da riɗi da ganyen teku dan yaran da ba sa son kifi su ci ba tare da gardama ba, aka sa masa suna Gohan no Tomo, ma'ana abokin shinkafa, kuma har yau ana sayar da shi da wannan sunan. Ni wannan tarihin yana burge ni saboda mutumin ya gane cewa abun da mutane ke ci kullum shi ya kamata a gyara, ba a tsaya ana musu wa'azin su canja abinci ba. Daga baya kamfanoni suka shigo, Marumiya suka fitar da Noritama a 1960, haɗin nori, wato busasshen ganyen teku, da ƙwai, ɗan zaƙi-zaƙi ne shi yasa yara ke rububinsa, Mishima na Hiroshima kuma suka fitar da Yukari a 1970, wannan wani jan ganye ne mai ƙamshi da suke kira shiso, da gishiri, launinsa shunayya kuma yana da tsami.

In ka shiga kanti za ka ga kanta guda cike da su har ka rasa na ɗauka. Akwai na katsuobushi wato kifin da aka turara da hayaƙi aka busar har ya yi tauri kamar itace sannan aka fere shi siri-siri, akwai na kifin salmon, na ƙwan kifi, na wasabi, wani koren yajinsu mai hawa hanci, na umeboshi, wani ɗan itace da ake tsimawa da gishiri mai tsami sosai, sai mafi sauƙinsu duka gomashio, riɗi da gishiri kawai. Akwai kuma wanda ba barbaɗawa ake ba, cakuɗawa ake a cikin shinkafa mai zafi a bar shi ya jiƙa na ƴan mintuna, shi ne ya fi dacewa in za ka dunƙula onigiri, wato dunƙulen shinkafa, ka tafi da shi makaranta.

Ochazuke kuma tsohon abu ne, asali dabarar cin shinkafar da ta kwana ce, a zuba mata koren shayi mai zafi ko romon kifi ta yi laushi a sha da ɗan abun tsami a gefe. Kamfanin Nagatanien ne ya mayar da shi na leda a 1952, a ciki akwai garin shayi da gishiri da nori da wasu ƴan ƙwalaye na shinkafa masu ƙaras-ƙaras, kai dai ruwan zafi kawai za ka zuba. Lokacin sanyi in ka dawo ƙarfe goman dare ba abun da ya kai shi sauƙi, minti 3 ka gama.

Yanzu maganar halacci, a nan nake so ka nutsu dan a nan ɗalibanmu suka fi yin sakaci. Mutum zai ga hoton kifi ko ƙwai a jikin leda ya ɗauka shikenan, alhali wasu ana sa musu ruwan naman alade ko na kaza ko na shanu dan ƙarin ɗanɗano, wasu da gelatin, wasu kuma an sarrafa su da mirin wanda giya ce ta girki mai zaƙi. Dole ka koyi juya leda ka duba baya. Ka haddace waɗannan ko ka ajiye su a waya: 豚 alade ne, ポーク shi ma alade ne, ゼラチン gelatin, みりん mirin, 酒 giya, エキス kuma yana nufin ruwan da aka tatso daga wani abu dan haka sai ka duba kalmar da ta zo kafinsa, na kifi ne ko na dabba. Kar ka ce ai kamfani ɗaya ne, a kamfani ɗaya wannan zai iya zama lafiya lau na kusa da shi kuma da alade a ciki, kuma suna canja haɗi lokaci-lokaci. Shoyu, baƙin ruwan waken suya da ke cikin yawancinsu, yana da ɗan burbushin barasa da ke fitowa wajen tsimuwa, malamai sun yi saɓani a kai, ni ba malama ba ce dan haka wannan ka kai wa limamin masallacin da kake zuwa. Abun da zan iya ce maka ta fannina shi ne duk wanda jerin kayan haɗinsa ya fi gajarta shi ya fi sauƙin tantancewa, gomashio da irin su Yukari suna cikin waɗannan, kuma in kana Tokyo akwai shagon kayan halal a masallacin Tokyo Camii da wasu a unguwar Shin-Okubo.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce giram 5 a rana, kuma ƴar ledar furikake guda ɗaya ba ta da yawa, matsalar tana zuwa ne in ka sayi babbar leda kana zazzagawa da hannu sake, mu kuma dama harshenmu ya saba da abinci mai ƙarfi sai ka ga mutum ya rufe shinkafar ruf da gari. Ledar ochazuke ta fi, guda ɗaya takan kai wajen giram 2 kuma romon duka kake shanyewa, in ka ƙara da taliyar nan da ake zuba wa ruwan zafi a cikin kofinta da rana ai ka wuce iyaka tun kafin magariba. A bayan kowace leda akwai inda aka rubuta 食塩相当量, wannan shi ne yawan gishirin, ka saba da duba shi. In akwai hawan jini a gidanku toh ka ƙara kula.

Batun ko zai riƙe ka, bari mu yi lissafi a fili. Kwanon shinkafa na giram 150 zai ba ka ƙarfi amma furotin ɗin da ke ciki bai wuce giram 4 ba, garin da ka barbaɗa kuma duka-duka giram 2 ne ko 3, komai kyawun abun da ke ciki ba zai cike gurbin ba, shi yasa bayan awa biyu za ka ji yunwa ta dawo kana hamma a aji. Su kansu abokanka in ka lura da kyau yawanci akwai soyayyen ƙwai ko ɗan kifi ko ganye a gefen kwanon, a gida kuma da miyar miso, ta tsimammen waken suya. Gyaran ba wuya, kuma ba zai ci maka lokaci ba. Ka dafa ƙwai 6 ranar Lahadi ka sa a firij, ƙwai ɗaya ya fi kwanon shinkafar furotin. Ka ajiye kifin gwangwani, saba (wato mackerel) ko tuna, wanda aka dafa da ruwa da gishiri kawai ya fi sauƙin tantancewa. Tofu yana da arha, awara ce dai wadda ba a soya ba, ka yanka ka soya ta yadda ka saba. Alayyafo da burokoli na firiza suna nan a kowane kanti, minti 2 a na'urar ɗumama abinci sun yi. Shinkafa da furikake da ɗaya daga cikin waɗannan da ɗan ganye, wannan abinci ne cikakke kuma ban ga laifin ka ci shi sau ɗaya kullum ba.

Za ka ga suna fasa ɗanyen ƙwai a kan shinkafa mai zafi, tamago kake gohan suke ce masa. A Japan ana wanke ƙwai a tantance shi kuma kwanan watan da ke jikin kwalin na cinsa ɗanye ne, dan haka in bai wuce ba kuma yana firij za ka iya gwadawa, amma don Allah kar ka dawo gida hutu ka yi haka da ƙwan kasuwa.

Ita kanta shinkafar ga yadda za ka huta, ka samu tukunyar lantarki ko ta hannu ce, ka dafa da yawa sau ɗaya, tun tana da zafi ka raba ta kwano-kwano ka naɗe a leda, in ta huce ka jefa firiza, haka matan Japan ke yi kuma in aka ɗumama kamar yanzu aka sauke. Kar ka bar dafaffiyar shinkafa ta wuni a waje musamman watan Yuli da Agusta da zafi da laima suke haɗuwa, akwai ƙwayar cutar da ke yaɗuwa a cikinta wadda ɗumamawa ba ta kashe dafinta. In za ka dunƙula onigiri ka sa leda a hannu, kar ka taɓa da tafinka.

Ni dai in son samu ne ka haɗa naka, ka huta da karatun leda kuma gishirin yana hannunka. Riɗi cokali 4 ka soya shi sama-sama ba mai har ya fara tsalle yana ƙamshi (kuma ka sani Japan na cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya, dan haka ba mamaki wanda ka saya daga gonakinmu ya fito), nori falle 2 ka murmushe da hannu, katsuobushi cikin tafi ɗaya ko ƙananan busassun kifin da suke kira niboshi ka niƙa, gishiri rabin ƙaramin cokali, sikari ɗan kaɗan in kana so. Ka bari komai ya huce sarai kafin ka zuba a kwalba busasshiya mai murfi dan laima ce babbar abokiyar gabarsa, kuma ka riƙa yin kaɗan-kaɗan na sati biyu saboda man riɗi yana sauya wari in ya daɗe. In Mama ta haɗo ka da yajin ƙuli ko busasshen zogale ka zuba cokali ɗaya a ciki, da riɗi da kifin suna shiga da shi sosai, sai dai ka rage gishirin tunda yajin ma da nasa.